Akwati a Kan Injin Gudu

Da sunan Allah nake buɗe wannan shafi. Ki yi haƙuri da rubutun, Ummi, in kin ga layukan sun karkace. Yau kwananmu huɗu da dawowa Alƙahira daga gida, amma har yanzu in mutanen benen sama suka ja kujera sai in zabura kamar ina cikin jirgi. Ga ki nan kwance a gefena kina tsotsar yatsan ƙafarki, wata bakwai gare ki, ba ki san an yi komai ba. Ke 'yar fari ce, kuma sunan Inna kika ci, saboda haka kunya biyu ce tsakanina da ke. Ba zan kira sunanki ba, ba kuma zan iya zaunar da ke in ba ki dogon labari ido da ido ba, ko kin girma. Shi ya sa na sayi littafi. Abin da nake so ki riƙe shi ne wannan: in wata rana a Funtuwa kika ji wata gwaggo ta ce babanki ne ya hana ni zuwa gida haihuwarki, ba haka aka yi ba. Ni ce na ƙi zuwa. Shi laifin ya ɗauka ya ɗora wa kansa.

Sai na fara miki da kakanki, in ba haka ba ba za ki gane tsorona ba. Baba mai faci ne a bakin tasha, tun kafin a haife ni. A gidanmu ba a shiga mota sai Baba ya zagaya ta. Zai durƙusa ya shafa kowace taya, ya danna da babban yatsa, ya duba ko ta suɗe, direba na tsaye yana cika yana batsewa. Sau biyu na tuna ya sauke mu daga mota bayan an gama ɗaure kaya, mutane na yi mana dariya. Kullum maganarsa ɗaya ce, wai inji na iya mutuwa ka sauka ka tura, amma taya in ta ci amanarka a kan gudu ba ta ba ka lokacin salati. Cikin 'ya'yansa bakwai ni ce na ɗauki abin. Ina aji uku na sakandare na iya gane tayar da ta kusa fashewa daga tsallaken titi. Yakan nuna ni ga abokansa ya ce da Hindatu namiji ce da ya huta.

To ranar da na fara ganin jirgi kusa da kusa, bayan bikinmu da wata biyu, kowa na kallon fukafukai da girman abin, ni tayoyi nake kallo. Na ga sun yi wa wannan ƙaton abu ƙanƙanta. Na ga kuma kusan ba su da zane, 'yan layuka ne kawai, irin tayar da Baba zai ce a jefar. Na gaya wa babanki, ya yi murmushi ya ce in yi addu'a. Muka zauna, jirgi ya fara gudu, yana ƙarawa yana ƙarawa har bayana ya manne da kujera, sai muka ji wata ƙara daga ƙasa kamar an harba bindiga. Na san ƙarar. Na girma da ita. Jirgin ya kama karkarwa, aka taka birki, kawunanmu suka yi gaba, wata tsohuwa a bayana tana ta kalmar shahada da ƙarfi, warin ƙonanniyar roba ya cika ko'ina. Da muka tsaya ba wanda ya ji ciwo. Washegari aka sa mu a wani jirgin, kuma ban san yadda na shiga ba, na dai san ban buɗe ido ba har muka sauka, hannun babanki kuwa sai da ya yi kwana uku da shaidar farcena. Da na taka ƙasar Masar na ce a raina, ko dai a nan za a binne ni, ko kuwa a buɗe hanyar mota.

Ban gaya wa kowa a gida ba. Inna na da hawan jini. Baba kuma ya riga ya cika tasha da labarin 'yarsa ta hau jirgi ko gezau ba ta yi ba.

Muka zauna a unguwar Madinat Nasr, hawa na biyar, ɗaki da falo, babanki na zuwa karatunsa na fiƙihu, ni ina yi wa matan 'yan ƙasarmu kitso da lalle. A nan na san Anti Rifkatu. 'Yar Wusasa ce, mijinta na aiki a ofishin jakadanci, suna zaune a unguwar Zamalek. Kafin su zo ta daɗe tana koyar da kimiyyar lissafi da motsin abubuwa a makarantar 'yan mata, kuma har yau in tana magana sai ka ji kamar akwai alli a hannunta. Gashinta cika gare shi, kitsonta yini guda ne, a kan wannan kitson muka saba har ta koma kirana ƙanwata.

Da cikinki ya kai wata shida Inna ta fara kira. Haihuwar fari a gaban uwa ake yin ta, wannan ba abin tattaunawa ba ne a gidanmu. Ta ce ta sa an share ɗakin, ta fara tara itacen dafa ruwan wanka, ta yi cinikin kanwa da gero. Likita ta ce in zan tafi in tafi cikin sati uku, bayan haka ba za a ɗauke ni ba. Babanki ya sauko da akwati daga kan kwaba ya buɗe shi a tsakar ɗaki. Ina ganin akwatin sai warin robar nan ya dawo mini a hanci. Na shiga banɗaki na zauna a ƙasa, na kasa numfashi. Kwana tara akwatin nan yana buɗe, ban sa ko ɗankwali a ciki ba. Rana ta goma, bayan azahar, babanki ya rufe shi ya mayar da shi sama, ya ɗauki waya ya kira Baba. Ina jin su, don ya buɗe muryar.

"Baba, ni ne na ga bai kamata ta taho ba. Zan kula da ita a nan, in Allah ya so."

"Kai ne ka gani?"

"Ni ne, Baba."

"Ita me ta ce?"

Ya dube ni. Ni kuwa na sunkuyar da kai. Wannan sunkuyarwar ita ce abin da na fi jin kunyarsa a rayuwata.

"Ba ta da ta cewa, Baba. Ni na yanke."

"To madalla," in ji Baba. "Malamai sun yanke."

Ya kashe wayar. Daga ranar bai ƙara ɗaukar kiran babanki ba. Mutumin da ya ba shi 'ya ba tare da ya tsawwala masa komai ba, wanda yake kiransa Malamina tun yana koya wa ƙannena haddar Alƙur'ani. Ranar sunanki babanki ya kira sau bakwai don ya gaya masa an mayar da sunan Inna, wayar na ta ringi har ta tsinke. Na ce zan faɗi gaskiya, ya ce a'a, in bari in warke, fushin uba a kan suruki ya fi sauƙin ɗauka a kan 'ya mai jego. Na yarda da sauri, don na ji daɗin yardar. Anti Rifkatu ce ta yi mini wankan jego, tana tasowa daga Zamalek a tasi kowace safiya da busasshen ganyen darbejiya da wata ta kawo mata a kaya, tana dafa ruwa a tukunya biyu a kan gas, tana yi mini faɗa da Hausar Zazzau in na ce ya yi zafi. Ta san ina tsoron jirgi. Ba ta san dalili ba, ba ta kuma matsa ba.

Kina wata biyar Inna ta isar mini da saƙo, muryarta ƙasa-ƙasa. Baba ya ce in babbar Sallah ta wuce ba a kawo masa jikarsa ba, kada mijina ya ƙara taka ƙofar gidansa, ko bayan ransa.

Asabar ɗin da ta biyo baya muka je Zamalek kitso. Babanki ya raka mu don ya riƙe ki a cikin jirgin ƙasa na metro. Ina tsaye a kan Anti, na gama rabin kai, shi yana zaune a kujera kina cinyarsa, sai ya ce:

"Anti, yau na kawo miki fatawa. Ke ce muftin."

"Ustaz, ni da ban iya alif ba?"

"Ta fanninki ce. Kwana uku ɗalibai na musu a kanta a masaukinsu, har an daina gaisawa. Wai a ce an yi mashshaya, injin gudun nan irin naki, amma mai tsawon titin jirgi. A ɗora jirgi a kai. Duk gudun da jirgin ya yi gaba, bel ɗin ya yi irinsa baya. Zai tashi ko ba zai tashi ba?"

"Kai me ka ce?"

"Ƙiyasi ne mai sauƙi. Mutum a kan mashshaya gudu yake har ya jiƙe, amma ba ya zuwa ko'ina, ba ya jin iska a fuskarsa. Jirgi kuwa sai iska ta bi ta fukafukansa yake tashi. Babu iska, babu tashi. Khalas."

Ban yi niyyar sa baki ba. Maganar ce ta fito da kanta.

"Ba zai tashi ba," na ce. "Ai taya ce ke kai shi. Duk nauyin nan da duk gudun nan a wuyan taya suke. In ƙasa ta gudu daga ƙarƙashinta, ko ita ta fashe, shi ke nan, kowa ya mutu."

A ƙarshen maganar na ja gashin Anti har ta ce wash. Ta juyo ta dube ni, ta daɗe tana dubana.

"Ƙanwata, ke duk zatonki taya ce ke tura jirgi?"

"To me ke tura shi?"

Ta miƙe da rabin kai a kitse rabi a tsefe, tsinken kitso na maƙale a ciki. Injin gudun yana kusurwar falo. Mijinta ya saya don rage tumbi, ya hau sau uku, tun daga nan ya zama wurin shanya. Ta kwashe tawul-tawul da singileti ta zubar a kujera, ta shiga ɗaki ta jawo akwatinta mai tayoyi huɗu, ta ɗora shi a kan bel ɗin. Ta ce in ba ta gyalena. Ta ɗaure bakinsa ɗaya a hannun akwatin, ta tsayar da ni a gaban injin, a kan tayil, ta ba ni ɗaya bakin.

"Riƙe. Yalla."

Ta kunna. Bel ya fara tafiya baya, tayoyin akwati suka fara juyawa, akwatin na nan inda yake. Na zaci zai fizge ni, amma abin da na ji a hannuna bai fi jan ɗan yaro ba. Ta ƙara gudu. Tayoyin suka kama kuka kamar keken ɗinki. Ta ƙara har ƙarshe, akwatin na rawa, kina ta ƙyalƙyala dariya a cinyar babanki, amma jan da ke hannuna bai ƙaru da wani abin kirki ba.

"Yanzu jawo shi gare ki."

Na ja da yatsu biyu. Ya taho. Bel na tsala gudu baya, akwati na tahowa gaba abinsa, har ya zo ya bugi gwiwata.

"Ke a ina kike tsaye?" in ji ta. "A kan bel ko a ƙasa?"

"A ƙasa."

"To haka injin jirgi yake. Ba ruwansa da abin da ke ƙarƙashin taya. Iska yake zuƙa ta gaba ya watsa ta baya da ƙarfi, da iska yake kokawa, kamar yadda hannunki ya dogara da tayil ba da bel ba. Tayar kuwa ba abin da ke juya ta, ba giya ba komai, gangarawa kawai take don kada cikin jirgi ya gogi ƙasa. Bel ya yi ta gudunsa. Iyakar abin da zai yi shi ne ya sa tayar ta juya ninki biyu. Jirgi zai yi gaba, iska ta bi ta fukafukai, ya tashi ya bar masa wurin."

Babanki ya gyara zama ya ce amma sharaɗin mas'alar ya ce gudun daidai yake.

"Daidai yake mana. Ustaz, kai mutum ka ɗora a kai, mutum kuwa da ƙafarsa yake tura bel. Ka kawo hukuncin mai ƙafa ka yanke wa mai fukafuki. Haka ake koya muku?"

Ya shafa gemu, sannan ya ɗaga ki sama ya ce miki, "Ummi, ki shaida, babanki ya janye fatawarsa. Dalilin hukuncin ba ɗaya ba ne." Anti ta yi dariya har tsinken ya faɗo daga kanta.

Ni ban yi dariya ba. Ina tsaye da gyale a hannu, sai na ji ina ba ta labarin ranar, ƙarar da birkin da warin, abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ta kashe injin ta saurara har na gama.

"Ba zan ce miki fashewar taya wasa ba ce," ta ce. "Amma tayoyin da yawa ne, kuma matuƙin ya ga akwai sauran titi a gabansa, sai ya tsaya, abin da aka koya masa ke nan. Ranar da kike lissafawa a ranar mutuwarki, rana ce da wani bawan Allah ya yi aikinsa daidai. Kuma ban ce tsoro zai tafi don na nuna miki akwati ba. Sai dai in za ki ji tsoro, ki ji na abin da yake akwai. Zo ki ƙarasa mini kaina, ba zan je coci gobe a haka ba."

A hanyar komawa, cikin ƙaramar bas, kina barci a ƙirjina, na ce wa babanki ya sauko da akwatin. Ya ce ba dole, Baba zai huce, shi ya saba. Na ce ni ce ban saba ba. Na ce kusan shekara guda yana biyan abin da bai ci ba, ina kallo.

Ba zan yi miki ƙarya in ce na hau jirgin nan da jarumta ba. Na yi amai tun a layin duba takardu. Na naɗe gyalen nan a hannuna, wanda aka ɗaure wa akwati, na riƙe shi kamar shi ne zai ja mu. Da jirgi ya fara gudu na ji gurnanin tayoyi a ƙarƙashina, ina ta cewa a raina gangarawa kawai suke, gangarawa kawai suke, ina haɗawa da duk addu'ar da na iya. Sai gurnanin ya ɗauke ɗif. Na buɗe ido na ga gidajen Alƙahira sun koma kamar akwatunan ashana. Ke kuwa kina ta ƙoƙarin cinye igiyar ɗamarar kujera.

Mun sami Baba a zaure da hantsi, kwana biyu kafin Sallah. Ya karɓe ki ya daɗe yana kallon fuskarki. Babanki ya durƙusa ya gaishe shi, Baba ya amsa wa bango. Sai na durƙusa ni ma, na faɗi komai, tun daga ƙarar har zuwa ranar da na sunkuyar da kai. Inna na tsaye a bayan ƙofa tana ji. Na kai ƙarshe. Can Baba ya ce:

"Ta gaba ce ta fashe ko ta baya?"

Na ce ban sani ba. Ya girgiza kai, kamar wannan ne babban laifina. Ni kuma don in kawar da zancen sai na kama ba shi labarin injin gudu da tambayar ɗalibai. Ban kai ga akwati ba ya katse ni.

"Zai tashi mana."

"Baba, ka taɓa jin tambayar ne?"

"Ina zan ji ta? Taya iri biyu ce, Hindatu, akwai mai ja akwai wadda ake ja. Ta jirgi kin taɓa ganin wani ƙarfe ya fito daga inji ya shiga cikinta? Ko a hoto? Tayar kurar 'yan ga-ruwa ce, girma kawai ta fi ta." Ya gyara miki zama a cinyarsa. "Shekara guda kina kwana da wannan abu a ciki, ubanki mai faci, ba ki tambaye shi ba?"

Sannan, karo na farko, ya juya ya dubi babanki.

"Kai fa, me ka ce da aka tambaye ka?"

"Na ce ba zai tashi ba, Baba."

"Shekararka nawa kana karatu a Masar?"

"Biyar, Baba."

Baba ya yi dariya har tari ya kama shi. Da ta lafa sai ya zare buzun da yake zaune a kai, ya tura masa, ya ce, "Tashi daga ƙasa, Malamina. Na ɗauki alhakinka." Babanki ya ƙi hawa buzun, ya ce babu komai, babu komai, yana share ido da hannun riga.

Kada ki ɗauka komai ya koma yadda yake. Da na shiga cikin gida na ga itacen da Inna ta tara don wankana yana nan jibge a bayan ɗaki, damina ta dake shi, gara ta fara ci, ba ta bari kowa ya taɓa ko ɗaya ba. Ba ta ce mini komai a kai ba. Ta dai karɓe ki ta goya, ta yini da ke a baya har ta yi sallar la'asar a zaune. Kwana arba'in ɗin nan da ta yi shekaru tana jira, ni na hana ta su, kuma ba jirgin da zai dawo mata da su. Wannan ma ki sani.

A dawowarmu ban fi lokacin zuwa jarumta ba. Hannun babanki ya sake shan farce. Amma da muka hawo hawa na biyar, ko takalmi ba mu cire ba, waya ta yi ƙara. Na laluba jakata, ashe ba tawa ba ce. Ta babanki ce. Ya dubi sunan da ya fito, ya gyara tsayuwa ya cire hularsa ya mayar, sannan ya ɗauka. Daga inda nake ina jin muryar Baba da hayaniyar tasha a bayansa.

"Malamina, kun sauka lafiya? Yaya tayoyin?"